Abin da Ya Fito Daga Kwalbata

Jama'a, yau na ga abin da ya kashe min jiki!

Akwai wata koriyar tsutsa da na tsinto a gonar gyaɗarmu a Roni, na sa ta a kwalba. Kullum ina ba ta ganye, ina ɗaukar hotonta, har ta naɗe kanta. Jira nake malam-buɗe-littafi ya fito in gane irinsa.

Da safen nan ƙwanson ya fashe. Wallahi ƙudaje ne suka fito! Ashe tun tuni suna cinta ta ciki.

Na ce, "Inna, zo ki gani! Kuma fa tana cin ganye sosai!"

Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Haka ciwon babanku ya yi, Allah ya jiƙansa. Yana cin tuwo, muna ta murna."

Ban iya ɗaukar hoton ba.