Rabin Irin da Na Shuka Kafin Lokaci

Ba na jin zan taɓa manta wata Laraba a ƙarshen bazara, shekara guda kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau. Bayan la'asar ne, mu biyu, ni da yayan mahaifina da nake kira Baba, muna tafe daga Tsafe zuwa kufan tsohuwar 'Yandoto.

Daren da ya gabata an yi ruwan farko mai ƙarfi, gari duk ya fita shuka. Ni kuwa dami ɗaya na irin gero ya rage mini, domin bara ba ta yi kyau ba. Idan ya lalace, sai dai in yi wa wasu ƙwadago da sabon aurena. Shi ya sa na je wurin Baba. Ya yi suna a ilimin taurari, har daga Bungudu ake zuwa tambayarsa lokacin shuka. Bai ba ni amsa ba, sandarsa kawai ya ɗauka ya ce in biyo shi.

A hanya yake gaya mini cewa garin nan na 'Yandoto ya girmi Gusau nesa ba kusa ba, kuma ɗalibai daga Katsina da ƙasashen yamma sun yi ta zuwa karatu kafin yaƙi ya watsa shi. Shi ma a bakin wani tsoho jikan malaman wurin ya koyi ƙidayar taurari, sannan ya ƙaro a Katsina da Agadas. Ya nuna mini inda ganuwa ta bi, da ramukan marina da suka cike da ƙasa. Gaskiya rabin hankalina na gona.

Muka yi magariba a kan wani tudu. Da duhu ya fara, ya nuna yamma da sanda.

"Mi ka gani?"

"Kaza da 'ya'yanta, Baba," na ce, wato tarin ƙananan taurarin nan da kowa ya sani.

"To, muddin tana nan bayan magariba, wanga ruwa baƙo ne. Sai ta faɗi."

"Amma kowa ya shuka."

"Kowa na da dami ɗaya irinka?" Ya yi dariya. "Ban san gaibu ba, ɗana. Mutanen garin ga sun daɗe suna dubawa suna rubutawa, abin da suka bar mana ke nan."

Na ce na ji. Amma da safe na ga gonar maƙwabcina ta sha shuka, matata kuma ta tambaye ni ko da taurari za ta yi tuwo. Na kwance damin, na sussuke rabi na shuka, ban gaya wa Baba ba.

Geron ya fito kore shar. Daga nan sama ta ɗauke kusan mako uku, na tsaya ina kallo ya ƙone layi bayan layi. Da Baba ya biyo ta gonar, ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Saura nawa?"

"Rabi."

"Ashe rabin kunne ka ba ni. Rufe rumbu."

Bayan Kaza ta ɓace ruwa ya zauna, na shuka ragowar. Tun ranar na fahimci cewa abin da mutane suka ɗauki ƙarnoni suna lura da shi ya fi ruwan dare ɗaya nauyi. Amfanin rabin nan ne ya ciyar da mu har wata kakar ta zagayo.