Dankali Nawa Za Ki Ci?

Kwana uku na yi da yunwa a ƙasar Holan, a gidan da tukunya ba ta taɓa fashin hawa wuta ba. Na faɗa tun a lokacin, yanzu kuma da na koyi riƙe alƙalami da furfurata ina rubutawa: tambayar baƙo ko zai ci abinci mugun hali ne, ko a wace ƙasa aka yi shi.

Ni ungozoma ce, daga wani ƙauye a gefen Dungas. Bayan babbar yunwa aka kawo wata Baturiya ƴar Holan gidan likita na Magarya tana awon yara, aka haɗa ni da ita don in riƙa yi wa mata bayani. Shekara biyu muna tare. Ta iya Hausa har da baƙar magana, Yaya take ce mini. Da shawara ta kwantar da ita, ni na yi jinyarta har ta tashi. Uwarta ta ji labari, ta aiko cewa idan kwanjen Nowel ya zo, wato hutun Kirsimeti, kada ta je gida sai da ni. Mijina ya rasu, ƴaƴana sun girma, wana ya ce in je in gano musu.

Mun sauka cikin wani sanyi mai shiga haƙori. Rana ba ta fitowa sai hantsi, kafin a gama la'asar duhu ya rufa, sallolina suka taru wuri guda kamar awaki a inuwa. Gidan uwar tata siriri ne, faɗinsa bai wuce zaurenmu ba, sai dai tsawo, matakalarsa kuwa tsani ce kawai aka yi wa fenti. Tsohuwar doguwa ce, busasshiya, ita kaɗai take zaune. Ta riƙe hannuna da nata biyu ta daɗe tana magana, na ji daɗin haka.

Da na huta, sai ga ta da kwando da wuƙa. Ta dube ni ta faɗi wani abu.

"Yaya, tana tambaya, dankali nawa za ki ci?" in ji ƴar.

Na ɗauka ban ji daidai ba. A wurinmu, baƙo ya sauka, a zuba masa a rufe da faifai, a kai masa ɗaki a ja ƙofa. Ya ci abin da ya ci, saura ya koma wa yara, ba wanda ya san yawan lomarsa. Wanda ya tsaya tambaya, so yake ka ce a'a. Don haka na ba ta amsar da duk mai mutunci zai bayar.

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Na zauna ina jiran a yi watsi da maganata a kawo kwano. Aka shimfiɗa tebur, faranti biyu. Ni aka ba ni shayi da biskit guda, aka mayar da murfin gwangwanin a gaban idona. Washegari aka sake tambaya, ƙawar tawa ta ce, "Yaya, ki faɗi gaskiya fa." Na ce ɗaya ya isa. Ɗaya aka ba ni, ba babba ba, da ɗan kifi da ganye. Burodin safe ma sai an tambayi yanka nawa.

Da wannan cikin aka zaga da ni birni, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba, birni ne. Ruwa ne titunansu, mutane suka haƙa da hannu, gada bisa gada, har na daina ƙirgawa. Ƙawar tawa ta ce mini ƙasar ta fi teku gangare, da bango suka tare ruwa suka zauna a bayansa. Gidajen kuma a kan turaku suke tsaye, itatuwa da aka kafa cikin laka tun kakannin kakanni, shi ya sa wasu suka karkata suna jingina da maƙwabta. Na tuna matan ƙauyenmu a bakin rijiya tun asuba, igiya ta cinye musu tafi, ga wasu kuma aikinsu na gado korar ruwa. Allah ya raba wa kowa nasa.

A saman kowane gida akwai ƙugiyar ƙarfe. Da yake ƙofa ta yi ƙanƙanta, da igiya ake jan gado da kabad a shigar ta taga, yadda muke jan guga. Na tsaya na kalli wasu maza uku suna yi, na ce mai riƙon igiyar bai iya ba, da ƴar shekara goma ce daga Dogo-Dogo, can wajenmu, da tuni an gama. Ƙawar tawa ta nuna mini manyan rumbunan ƴan kasuwar da, inda jiragen ruwa suke sauke kanumfari da masoro da kirfa. Na ce ashe kayan yajin mai jego ne suka gina garin nan. Muka shiga wani gida da babu kome a ciki sai zane-zane na tun da. Maza da baƙaƙen huluna, mata da fararen wuya, sai kuma ɗaki guda na zanen abinci zalla: inabi, kaji, cuku, burodi an gutsura. Mutane suna tsaye shiru suna kallo da hannu a baya. Ni ma na kalla. Cikina ya yi ƙara har wani dattijo ya waiga.

A rana ta uku na gama yanke hukunci. Tsohuwar marowaciya ce, ta kira ni ne don a ce ta kira. Ƴar kuwa, da ta ci tuwona shekara biyu, tana gani ta yi shiru. Na ƙudura idan mun koma Magarya, aiki kaɗai zai haɗa mu, gaisuwa daga nesa. Abin ya dame ni, don ina son yarinyar nan kamar ciki ɗaya muka fito.

Rana ta huɗu tsohuwar ta sa babbar rigarta ta biyo mu kasuwar furanni, wadda ake ci a kan jirage a gefen ruwa. Lokacin sanyi ne, fure kaɗan, amma ga kwanduna cike da wasu ƙwayoyi masu ɓawo ja. Na ɗauki guda na shinshina.

"Wannan wace irin albasa ce ba ta da wari?"

"Ba albasa ba ce, Yaya, irin fure ne. Binnewa ake yi. Ba a ci."

Tsohuwar ta tambayi me muke cewa. Da aka gaya mata, sai ta karɓi ƙwayar daga hannuna, ta juya ta, ta yi magana a hankali. Ƴar ta mayar mini da Hausa.

"Ta ce ana ci. Ta ci."

A nan tsaye, cikin sanyi, na ji labarin. A ƙarshen babban yaƙin Turawa an toshe wa birnin hanya, hunturu guda ba abinci ba gawayi. Suka ƙone ƙofofi da kujeru. Ta tura keken jariri kwana biyu a ƙasa zuwa ƙauye, ta ba manoma zannuwan gadon aurenta suka ba ta dankali, aka ƙwace rabi a hanya. Daga nan sai wannan ƙwayar. Tana da ɗa namiji a goye a lokacin, wan ƙawata. Bai ga bazara ba.

Ban yi mata jaje da baki ba, ban san yadda suke yi ba. Na ce a tambaye ta, da ɗaci?

Ta ce da ɗaci, sai an tsaga an cire ɗan tsiron da ke tsakiya, shi ne mai sa ciwon ciki. Ta nuna mini da farcenta. Na ce mu a tamu yunwar anza muka ci, ƴaƴan wani ɗan itace na daji, sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa, wanda ya yi gaggawa ya kwanta. Ta tambaya ruwa nawa ake sauyawa. Na gaya mata. Ta gyaɗa kai irin na wadda za ta iya bukatar sanin haka wata rana. Mai kwandunan yana ta kallonmu, ba mu sayi kome ba.

A hanyar komawa tsohuwar tana gaba, na ja ƴar baya.

"Ke, don wannan take ƙirga dankali?"

"Tun da na yi wayo ban ga ta zubar da loma ba. Abin da aka ce za a ci, shi take dafawa. Ko kin ce ashirin za ta dafa, ta ji daɗi ma."

"To ni yunwa nake ji. Yau kwana uku."

Ta tsaya cik a kan gada. "Yaya, ke kika ce ɗaya. Na zaci sanyi ne ya hana ki ci, har na ce mata kada ta matsa miki."

"Shekara biyu kina zuwa gidana. Na taɓa tambayar ki?"

Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce bari ta gaya wa uwarta yanzu. Na ce idan ta buɗe baki ni da ita ne. Matar da ta binne ɗa saboda yunwa ba za a ce mata baƙuwa ta kwana uku da yunwa a ɗakinta ba. Sai ƴar ta saya mini wani abu mai kama da fanke a bakin titi, da zafinsa, an barbaɗa sukari. Na ci biyar a tsaye, ni da ban taɓa cin abu a hanya ba, tana kare ni da jikinta kada tsohuwar ta waigo.

Da safe tsohuwar takan fere dankalinta tun da wuri ta jiƙa a ruwa. Ina idar da salla na sauko tsanin nan da baya, na same ta a kicin, ƴar ba ta tashi ba. Ta ɗago kai za ta yi tambayarta. Na sa hannu cikin kwandon na zaɓi manya guda shida, na jera su a gabanta, na nuna ƙirjina. Kunya kamar ta kashe ni. Ta dubi dankalin, ta dube ni, ta tashi ta sauko da babbar tukunya. Ni kuma na jawo kujera, na ɗauki ɗaya wuƙar.