Matar da Ke Rungume da Akwatin Sanyi

Muna zaune a barandar asibiti, ni da kawuna da kansar huhu ta ramar, muna jiran a kira shi. Sai ga wata mata ta fito daga ɗakin bincike, rungume da ƙaramin akwatin sanyi kamar mai ɗauke da jariri. Za ta kai shekara hamsin. Farar rigarta ta koɗe, tabarau ya bar mata shaida a karan hanci, faratanta sun rine da ruwan saiwa. Da ganinta mai binciken magani ce; ina zaton 'ya'yanta sun gaji da tambayar yaushe za ta dawo gida.

Kawu ya ɗaga mata hannu. "'Yata, magani ne a ciki?"

Ba ta wuce ba. Ta durƙusa gabansa.

"Da saura, Baba. Wani sinadari ne muka tace daga saiwar wata bishiya. Idan muka ɗiga shi kan ƙwayoyin kansar huhu a faranti, sai su rage yaɗuwa. Amma a jikin mutum, wallahi ban sani ba tukuna."

"Shekara nawa kina wannan aiki?"

"Tara."

Da ta ce masa an kusa, ba wanda zai ga laifinta. Ba ta ce ba. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya janye sandarsa daga hanya.

"To tashi ki je, Allah ya yi miki albarka. Kada hirata ta cinye wa wani mai jiran maganin nan lokacinsa."