Randar da Ba Ta da Kifi

A gidanmu na unguwar Fezzan akwai wata randa da na tashi na tarar. Jikinta duk zane ne: karfasa, tarwaɗa, belbela tsaye da ƙafa ɗaya. Wata tsohuwa a ƙauyen Dusuman, da muke ce wa Kaka, ita ta gina wa mahaifiyata. Shekarar da ruwa ya shigo gari, randar ta tafi tare da katangarmu. Ya, haka muke kiran mahaifiyata, ta riga ta rasu, randar ce kaɗai ta rage mini daga kayanta. Na yi kuka kamar ranar aka yi mini rasuwar.

Da rani ya yi, muka ɗan farfaɗo, na hau keke napep zuwa Dusuman. Na tarar da Kaka a gindin dogon yaro tana tsince leda daga cikin yumɓu. Ta ce in ta bar ko ƙanƙani, wurin gasa randar wuta za ta cinye shi ta bar rami, randa ta dinga yoyo.

Na ce, "Kaka, irin ta Ya nake so. Da kifayen da belbelar, kada ki rage komai."

Ta ce, "Yarinya, kin manta? Abin da na gani a bakin kogi ranar da na je ɗibar yumɓu, shi nake zanawa. Haka uwata ta koya mini."

Raina ya ɓaci. Ni da na keto wannan rana, tsohuwa za ta kafa mini doka? Na ce ai ko ido rufe za ta zana kifi.

Ta ce, "Zan iya, amma ban gan shi ba. Ruwan sha za ki zuba, ba zan sa wa randa ƙarya ba."

Na tafi ko sallama ban yi mata ba, abin da har yau yake ci mini rai.

Bayan mako uku ta aiko da randar. Na juya ta, na sake juyawa. Babu kifi, babu tsuntsu. Can kusa da gindi ta ja layi ɗaya siriri, kogin ke nan, sai wani abu maƙale a jikin ƙaya. Ba sai an gaya mini leda ce ba.

Ruwanta da sanyi, kuma ba ta yoyo. 'Yata ƙarama takan shafa layin ta tambaye ni ina kifayen da nake ba ta labari. Kaka ta rasu da damina ta gaba, ban koma na ba ta haƙuri ba.