Ƙyallayen Buhunan Hajiya Bilki

Da safen nan, ina tsaye wajen mai shayi a Badawa, Malam Sale direba ya kira ni ya ce Hajiya Bilki ta rasu bayan sallar asuba. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. An yi mata sallah da hantsi a ƙofar gidanta da ke Nassarawa GRA.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce ta haɗa matan wasu ƙauyuka uku da ke bayan Gumel cikin ƙungiya guda. Suna tara riɗin da suka noma, a kawo garejin gidanta, a sayar wa dila ɗaya a dunƙule, maimakon kowace ta kai 'yan kwanukanta kasuwa a yi mata tayin wulaƙanci.

Ni kuwa ta ɗauke ni aiki bayan na gama bautar ƙasa. A katin da na buga wa kaina, muƙamina shi ne Babban Jami'in Sadarwa da Tsare-tsare. A bakin Hajiya sunana Farfesa, kuma aikina rubuta wasiƙa da sayo ruwan leda.

Ba ta taɓa katse ni ina jawabi ba. Takan saurara har in dire, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, sati biyu Malam Sale, direban Hajiya, yana kai mana kunun gyaɗa kowace safiya. Hajiya ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Akwai wata ta'asa da na tafka wadda ya wajaba tarihi ya sani. Kowace mace a ƙungiyar takan yagi ƙyalle daga tsohon zanenta ta ɗaura a bakin buhunta. Ni, a matsayina na mai hangen nesa, na ga wannan ba ya cikin tsarin kasuwancin zamani. Ranar da Hajiya ta tafi biki Hotoro, na ɗauki almakashi na yanke ƙyallayen buhu arba'in, na manna takardu masu tambari iri ɗaya. Har hoto na ɗauka.

Washegari Alhajin da ke saye ya zo, ya soka ƙarfen gwaji a buhu na farko, ya zubo riɗi a tafinsa, sai ga tsakuwa. A da, da an duba ƙyalle an san mai buhun, ta ɗauki kayanta ta gyara, sauran su wuce. Yanzu kuwa ba wanda ya san na wace ce, ba a kuma san ko tana da wasu a ciki ba. Alhaji ya kaɗe hannu ya ce ko a gyara duka kafin jibi, ko ya nemi kaya a wani wuri.

Matan suka ciko mota suka zo. Kwana biyu ana bakace a farfajiyar gidan, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, maƙwabta masu manyan motoci suna rage gudu suna leƙe. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Faifai kawai ta miƙo mini, ta ce, "Farfesa, zauna kusa da Inna Tabawa ta koya maka."

Inna Tabawa ita ce shugabar ƙungiyar. Ta kalli yadda nake watsa riɗi a ƙasa, ta ce wa matan su yi mini uzuri, boko ne ya cinye mini hannu. A nan ta nuna mini cewa ko daga nesa tana gane zanen kowace mace a ƙauyukan nan uku, har da wadda ta ari na 'yar'uwarta.

Alhaji ya karɓi kayan. Ni kuma na yi ritaya daga harkar almakashi.

Ganina da Hajiya na ƙarshe ranar Litinin ne. Tana zaune a baranda da bargo a ƙafa, ta rame, amma idonta na kan garejin, inda riɗin bana yake jibge. Alhamis mai zuwa Alhaji zai zo, kuma tun da aka kafa ƙungiyar bai taɓa yin ciniki da kowa ba sai ita. Na gabatar mata da kaina a matsayin wanda zai wakilce ta, na ma fara karanto mata buɗewar jawabina.

Ta bari na gama, kamar kullum. Sannan ta ce, "Inna ce za ta yi magana. Kayansu ne. Kai ka riƙe mata jaka."

Na ɗauka wasa take yi.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta, na sami Inna Tabawa a bakin garejin tana bin buhunan ɗaya bayan ɗaya, tana jan kowane ƙyalle ta ga ko ya ɗauru. Na yi mata gaisuwa. Ta ce mini wasu daga cikin matan sun firgita, suna so kowace ta kwashi nata ta koma kasuwar ƙauye, don a ganinsu Alhaji ba zai saurari wadda ba ta iya rubuta sunanta ba. Na tambaye ta me ta ce musu.

Ta ce, "Na ce su bari sai Alhamis. Kai dai ɗan nan, ka zo da wuri, kuma ka bar Turancinka a gida."

Saboda haka ina sanar da jama'a cewa na karɓi muƙamin mai riƙe jaka, kuma ban taɓa samun wanda ya fi shi nauyi ba.

Allah Ya jiƙan Hajiya Bilki, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalanta haƙuri. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata addu'a, ya kuma haɗa da Inna Tabawa, Allah Ya daidaita mata harshe ranar Alhamis.