Iskar da Ba Ta Shiga Kunnena Ba

Duk layinmu a Fagge an yi kuskure a kan ciwona, daga Innata har 'yan matan maƙwabta, kuma in za a yi adalci ni na jefa su a kuskuren da bakina. Ba aljani ne ya taɓa ni ba, ba sammu aka yi min ba, ba kuma sanyi ba ne kamar yadda mai kemis ya rantse. Na rubuto muku ne don na san masu irin sana'ata suna karanta wannan shafi. Abu ɗaya nake roƙo, a sakaya sunana.

Lokacin shekarata ashirin da ɗaya. Na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ni kuma ba ni da haƙurin sake zama, sai na kama zanen lalle. Hannuna da sauri, bakina ya fi shi. Ranar da biki ya yi yawa nakan yi wa amarya da ƙawayenta bakwai ko takwas a tsakar gidanmu, daga hantsi har la'asar, ina durƙushe, ledar lalle a matse tsakanin yatsu uku. Innata kuwa turaren wuta take haɗawa, sana'ar da ta gada wurin kakarmu da ta zo daga Barno, don haka gidanmu ba ya rabuwa da kasko. Duk wadda ta zo saye sai an ɗora mata a garwashi ta ji ƙamshin. Tun ina ƙarama nake da murar da ba ta tafiya, atishawa da toshewar hanci, har kowa ya daina ganin ta ciwo. To mai lalle ba ta fyace hanci. Hannu biyu duk lalle, amarya ta miƙo ƙafa tana jira, sai dai in ja majinar ciki da ƙarfi in ci gaba. Haka nake yi sau ba adadi a yini, ban taɓa ɗaukar sa wani abu ba.

Kunnen hagu ne ya fara. Ya toshe kamar ruwa ya shiga, in na haɗiyi yawu ya yi ƙas, muryata ta riƙa dawo min kamar ina magana a cikin randa, ga wani huu da ba ya tsayawa. Bayan 'yan makonni sai yatsun hannun dama: babba, manuniya da na tsakiya. Kamar kiyashi yana yawo a ƙarƙashin fatar, wani lokacin kuma kamar ana tsira min allura. Da safe sai na yi ta yarfa hannun kafin in iya riƙe buta. Sau biyu leda ta kuɓuce min ta ɓata fulawa a hannun mutane, na yi ta tsaki na ɗora laifin a kan lallen.

Ranar da na jawo wa kaina, tsakar gida cike take da ƙawayen wata amarya. Inna ta kira ni har sau uku ban ji ba, ta taso tana faɗa wai yanzu na yi kuɗin da zan share ta a gaban mutane. Ni kuma a gajiye, na ce mata don Allah ta ƙyale ni, iska ce ta shige min kunne ta ƙi fita, ga shi har ta sauko min hannu. Wallahi iskar da nake nufi irin ta fanka ce. Amma Inna ta saki kaskon da ke hannunta ta hau salati, 'yan matan suka kalli juna, wadda nake yi wa zane ta janye hannunta a hankali ta ce bari ta amsa waya. Ba ta dawo ta zauna ba.

Washegari Gwaggo, yayar Babana, ta iso da jakarta. Ta ce ita dama ta daɗe da sani, yarinyar da ke tsefe kai a bakin ƙofa da magariba, ta watsa ruwan zafi ba bisimilla, ai dole. Ta ƙara da cewa zane mai kyau irin nawa dama ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Wannan maganar ce ta fita waje. 'Yan matan layi suka sa min suna mai abokan aiki, in na wuce a tambaye ni wai yau mu nawa muka fito. Da farko dariya nake, ina rama musu. Na daina dariya da iyayen amare suka fara aiko min cewa sun sami wata, Allah ya ba ni lafiya. Wa zai miƙa hannun 'yarsa ga mai iska ana saura kwana biyu ɗaurin aure? Cikin wata guda tabarmar tsakar gidanmu ta koma wurin shanya.

Maganin da aka ɗora ni a kai hayaƙi ne, safe da yamma. A lulluɓe ni da bargo da kasko a gabana, in yi ta tari, Gwaggo tana cewa ai su ne ke jin zafi. In na fito hancina ya toshe ruf, kunnen ya ƙara nisa. Ni ma ban zauna ba, na yi tawa wautar. Da na shiga kasuwar Sabon Gari sayen leda da salatif na biya wurin wani mai kemis, bai ko leƙa kunnen ba ya ce sanyi ne, duk mata suna da shi, ya ba ni na ɗigawa da kafso. Na ɗiga, na sosa da tsinken auduga, har gashin kaza na gwada. Babu abin da ya motsa.

Abu biyu suka kai ni asibiti. Na farko wani dattijon malami abokin Babana, da aka kira ya yi min karatu. Ya yi karatunsa tsaf, ya zauna ya ɗan ja ni da hira, sannan ya ce wa Baba shi bai ga komai ba sai yarinyar da ke juyo masa kunnen dama duk sanda ya yi magana, a kai ta wurin masu duba kunne. Gwaggo ta ce Malam ya tsufa. Na biyu kuwa tambaya ce da ta hana ni sakat. Me ya sa ƙaramin yatsana lafiya ƙalau? Na sha zama ina tsungulinsu ɗaya bayan ɗaya, uku a sage, na huɗu rabi da rabi, ɗan ƙaramin garau. Na tambayi Gwaggo ko su aljanun ba sa son ƙananan yatsu ne, ta ce in kiyayi bakina, ba a yi musu tambaya. Ni kuwa in ban sami amsa ba abinci ma ba ya min daɗi.

Da Inna muka je. Likitar kunne ta saka wani ɗan ƙarfe mai fitila ta leƙa, ta tambaye ni ko ina yawan mura, ko ina jan hanci ciki. Inna ce ta amsa, ta ce kamar injin markaɗe. Sai likitar ta ɗauki biro ta zana mana. Ashe akwai 'yar siririyar hanya daga bayan hanci zuwa bayan dodon kunne, aikinta kai iska can ciki. In hanci ya daɗe a kumbure, ko don mura ko don hayaƙi da turaren da bai jitu da su ba, hanyar sai ta toshe. Iskar da ke ciki ta ƙare, dodon kunnen ya lotsa ciki kamar ledar fiya wata da aka tsotse. Jan majina da ƙarfi kuma ƙara tsotse shi yake. Na ce mata ta tsaya, wato matsalata ita ce iska ba ta shiga? Ta ce ƙwarai. Na yi dariya har da hawaye, da na ba ta labari ita ma ta ajiye biron tana dariya. Inna dai ba ta yi dariya ba.

Yatsun kuwa, wurin wani likita aka tura ni. Ya sa aka ɗebi jini, don ya ce ciwon suga da ƙarancin wasu sinadarai a jini ma suna kawo haka, amma nawa ya fito lafiya. Ya lanƙwasa min wuyan hannu ya riƙe kamar minti ɗaya, sai ga kiyashin nan sun taso. Ya ce jijiya ce da ke bi ta wani matsattsen wuri a wuyan hannu, matsa leda yini guda ya sa wurin ya kumbura ya danne ta. Ita ke kula da yatsu ukun da rabin na huɗu, ƙaramin kuwa jijiyarsa daban. Amsar da na yi watanni ina nema ke nan, a numfashi ɗaya. Na yi masa gardama cewa ai tare suka zo da kunnen, dole abu ɗaya ne. Ya ce Malama, ciwo biyu ne da ba su san juna ba, gida ɗaya kawai suka sauka.

An ba ni na fesawa a hanci, da abin ɗaure wuyan hannu in zan kwanta, an ce in huta wa hannun, in daina jan hanci, in nisanci hayaƙi. Likitar kunne ta gargaɗe ni cewa irin wannan in aka bar shi yakan manne, ji ya tafi. A adaidaita muna dawowa, da muka kusa gida Inna ta ce wato turarenta ne. Ta mayar da kasko zaure, amma gidanmu ƙarami ne, kuma ba zan ce ta bar sana'ar uwarta ba.

Hannun ya yi sauƙi sosai. Kunnen bai gama dawowa ba, an ce in koma a sake gwadawa. Amare kuwa har yau ba su dawo ba, wasu ma cewa suke asibitin rufa-rufa ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne watannin da na ɓata, da kuma yadda na jefa magana cikin fushi a gaban mutane ban tsaya na fassara ta ba. 'Yan'uwana masu lalle, masu kitso, masu jera duwatsu a mayafi, in yatsa ya fara sagewa kada ku ce gajiya ce. Ku ajiye leda ku fyace hancinku, amarya ba za ta mutu ba. Kunnen da ya toshe ya wuce mako biyu a kai shi a leƙa, addu'a ba ta hana hakan.

Wata mai gyaran gashi a Sabon Gari ta ce in zo in zauna a gefen shagonta, can ba wanda ya san labarina. Na amsa mata. Mutum uku kawai zan riƙa yi a rana, ko an roƙe ni. Ban faɗa wa Inna ba tukuna, don na san za ta ɗauka gudunta nake. Gobe in ta gama karyawa zan zauna kusa da ita in faɗa mata a hankali, in kuma roƙe ta ta raka ni ranar farko.