Zagaye Uku a Lilon Dungas

Ɗana na fari wata goma ya yi a duniya, kuma yawancinsu a bayana ya yi su. Na san nauyinsa, na san yadda yake cusa hanci tsakanin kafaɗuna in barci ya zo masa, na san dukan da yake yi mini da dunduniya in yana son nono. Fuskarsa ce ban sani sosai ba. A ɗaki nake satar kallonta, ɗakin kuwa ko da rana tsaka duhu ne.

A wajenmu mace ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗora shi a cinya tana yi masa dariya, in ya yi kuka ba ta tashi da sauri. Ranar da zan koma ɗakina bayan wankan jego, daga Magarya zuwa ƙauyen mijina da ke kan hanyar Guci, mahaifiyata ba ta yi mini nasihar girki ko shara ba. Cewa ta yi, "Kin yi lakwal, kin sha boko, kuma dama bakinki ba ya rufuwa. Kar ki je ki kunyata ni a kan yaron nan." Ga shi an sa masa sunan mahaifin mijina, wanda ko ba ɗan fari ba ban isa in ambata ba. Na riƙe maganarta fiye da yadda ta nema, don na ji matan ƙauyen suna cewa wai ƴar birni ba za ta iya ba. Magarya ce fa birnin. Ni kuwa in aka ce ba zan iya abu ba, to an gama da ni, sai na yi ya wuce na kowa.

Surukata ce mai yaron a sarari. Inna muke ce mata. "Maigidana" take kiransa, ta yi masa rawa a gwiwa, ta ce ya tashi ya kawo cefane. Ba muguwa ba ce, kuma ban yarda wani ya ce ita ce ba. Ta so shi, kuma ita an ba ta damar nunawa.

Babbar Sallah ta shekarar ta faɗo ƙarshen damina, gero ya fara nuna, sauro ya cika gari. Kwana biyu kafin Sallah na ji bayana ya ɗau zafi kamar na jingina da bangon da rana ta daka. Na daure har azahar, sannan na ce, ina kallon turmi, "Inna, kamar yaron nan jikinsa da ɗumi."

Ta karɓe shi, ta sa yatsa a bakinsa, ta ce, "Haƙori ne. Ke kuma yaushe kika fara awon jikinsa?"

Matan da ke surfe suka yi dariya, ni ma na yi. Ta jiƙa masa saiwa ta ba shi. Washegari ya rage kama nono. Na faɗa wa mijina a ɗaki, shi kuma kabu-kabu yake yi, lokacin Sallah ko zama ba ya samu, kuma kunyar da ke kaina tana kansa. Ya ce, "Me Inna ta ce?" Na ce haƙori. Ya ce, "To ai shi ke nan." Ranar Sallah zafin ya sauka, na ce alhamdu lillahi, da yamma ya dawo.

Washegarin Sallah matan gidanmu suka shirya yawon Sallah zuwa Dungas, don an ce wani mai walda ya kafa lilon ƙarfe a filin kasuwa. Na ce zan je. Ba lilo ne a raina ba. A Dungas akwai gidan likita, niyyata in mun isa in sulale in kai shi, in dawo ba wanda ya sani. Dubi irin wayon da mace ƴar lakwal ta ƙulla: za ta kai ɗanta magani a ɓoye kamar mai kai kayan sata.

Muka hau amalanke da safe muka isa da hantsi. Filin ya cika da yara da sababbin kaya, ga masu ƙanƙara da masu tsire. Lilo iri biyu ne. Akwai na dawakan ƙarfe masu zagayawa a ƙasa, akwai kuma babban, wanda yara suke ce wa jirgi. Kamar ƙafar amalanke yake, an tsayar da ita ta fi soro tsawo, da kujeru shida a rataye, ƙarti biyu suna juya shi da hannu. Ƙanwar mijina, budurwa ce lokacin, ita ce abokiyar wasata a gidan, ta riƙe mini hannu ta ce, "Matar Yaya, yau sai na ga tsoronki. Mu hau jirgi."

Na ce bari in je in dawo. Ta ce ina? Matan suka juyo suna jiran amsa. Sai na bi ta muka shiga layi, na ce a raina in mun sauko, hankalinsu ya koma kan wani abu, na tafi.

Da layi ya zo kaina mai lilon ya ce, "Baiwar Allah, kwance goyon. Ƙarfen kujera zai danne shi, a cinya ake riƙewa."

Wata daga cikin matan ta ce, "To, yau za mu ga ƴar lakwal da ɗanta a cinya." Na kwance shi, na zaunar da shi yana kallon gaba, na kau da kaina gefe kamar ɗan wata aka ba ni ajiya. Aka sa mana sandar ƙarfe a gaba.

Yadda suke yi, sai an cika kujera ɗaya a tura ta sama a jawo ta gaba. Ƙanwar mijina ta shiga wadda ke bayana. Haka muka riƙa hawa muna tsayawa, har kujerata ta kai ƙololuwa ta tsaya cak ana lodin ta ƙasa. Na ga rufin rumfunan kasuwa, na ga gonakin gero har iya gani. Sai na lura ba mai ganina. Tun da na haife shi ban taɓa zama da shi ni kaɗai a cikin haske ba. Na juyo da shi. Ashe yana da ɗan tabo baƙi a ƙarƙashin haɓa, irin na mahaifina. Na kira sunansa, da ƙarfi ba da raɗa ba, kuma na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Bai dube ni ba. Leɓɓansa sun yi fari, idonsa a buɗe amma ba abin da yake kallo. Na sake kira. Sai ya sanƙare a hannuna, idon ya juye sama, hannu da ƙafa suka fara karkarwa. A daidai nan aka gama lodi, ƙartin suka saki jirgi.

Sau uku kujerata ta sauko ta wuce ta gaban matan nan, kusa da su har ina ganin lallen ƙafarsu. Suna ɗaga mini hannu suna dariya. Sau uku ina buɗe baki in ce ɗana, kalmar tana tsaya mini a wuya. Na rufe shi da mayafi don kar su ga na rungume shi. Na sha gaya wa kaina cewa ruɗewa na yi. Ban ruɗe ba, na san abin da nake ji, kunya ce.

A zagaye na huɗu na yi magana. Cewa na yi, "Ku tsaya, jiri nake ji."

Su kuwa ƙartin nan tun safe abin da suke ji ke nan daga bakin ƴanmata, kuma in mace ta ce tana tsoro ƙara gudu suke yi, don shi ne daɗin wasan, shi ke sa ƴan kallo shewa. Suka ƙara gudu. Ban ga laifinsu ba, abin da na faɗa suka amsa. Ƙanwar mijina ce, daga kujerarta, ta hango ƙafarsa tana fizga a ƙarƙashin mayafi, ta kwarma ihu cewa yaro ba lafiya. Nan take suka rataya a jikin ƙarfen suka tsayar da shi.

Gidan likitan da na yi ta ƙulla dabarar zuwa, ko tafiyar kirki babu tsakaninsa da filin. Ma'aikaciyar ta ja fatar idonsa ƙasa, cikin fari fat kamar auduga. Ta ce, "Tun yaushe?" Matan suka haɗa baki suka ce yanzun nan, a kan lilo. Ta ce, "Wace ce uwar?" Aka nuna ni. Na ce, ina kallon ƙasa, "Yau kwana huɗu."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta yi masa allura ta ce, "Palu ne, zazzaɓin sauro, ya shanye masa jini. Sai Magarya, a ƙara masa." Aka sa mu a mota. Hanya yashi da kududdufai, yana kan cinyata, kuma a motar nan ba wanda ya ce komai a kan cinya. Bayan la'asar, mun fara hango gidajen Magarya, na ji ya yi nauyin da ba irin nasa ba.

A zaman makoki ban yi kuka ba, don ɗan fari ko ya mutu ba a yi masa kuka a gaban mutane. Ina zaune ina amsa gaisuwa ina jin tsofaffi suna yabona: yarinyar nan akwai kunya, ko hawaye, wa ya ce ƴan lakwal ba su da tarbiyya. Mahaifiyata ta zo, aka yi ta yi mata barka da irin renon da ta yi. Gari kuma ya yanke hukunci cewa iskoki ya gamu da su a sama, jariri ba a kai shi inda tsuntsu ke bi. Inna ta yi kuka har ta kwanta ciwo, sau ɗaya tak ta ce mini, "Da ba ki hau da shi ba." Na bar ta a haka. In na ce kwana huɗu, na ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba, kuma bakin da ya yi shiru nawa ne. Har yau a ƙauyen mai goyo ba ta hawa lilo, an ɗauki darasi.

Na haifi huɗu bayansa, duk suna raye. Su ba ƴan fari ba ne, da na ji ɗumi sai in tare moton kabu-kabu zuwa gidan likita, ba mai cewa uffan.

Shekara biyu bayan rasuwar na farin, ƙanwar mijina ta dawo gida wankan jego da nata ɗan farin. Ranar da za ta koma, Inna ta kira ni ta ce, "Shiga ki yi mata faɗa. Ki koya mata irin kunyarki, duk garin nan ba wadda ta kai ki."

Na shiga, na ɗauki jaririn daga kan gado, na fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, na ɗora mata shi a cinya. Na ce, "Kalle shi da kyau. Ki kira sunansa. In kika ji ɗumi a bayanki ki buɗe baki a tsakar gida, ko wa ke wurin."

Ta yi dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tura mini shi. Ita ce fa ta yi ihu a kan lilo, amma lokacin ba nata ba ne. Ta ce, "Haba matar Yaya, so kike a yi da ni a gari? Ke da ake ba mu misali da ke. Ke ma ai ba ki taɓa kiran sunan naki ba."

Na ce mata na kira, sau biyu, bai ji ba.